Ranar da Tsoho Ya Yar da Biyu

Na san abin da kawunku Sale ya gaya muku. Ya ce caca ce ta raba ni da aikina a Riyad, kuma da yake ya riga ni dawowa gida, tasa maganar ce ta zauna daram. Ban taɓa tsayawa na ƙaryata shi ba, domin in na ce babu karta a ciki na yi ƙarya, in kuma na yarda caca ce na yi wa kaina ƙazafi. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni wuri ɗaya, bari in ba ku labarin yadda ya faru. Amma in kuna jiran in warware muku shi sarai, ku sassauta, domin ni da aka yi abin a gabana har yau ban gama gane kansa ba.

Gidan da na yi tuƙi yana unguwar Nasiriya, tsohon gida ne mai faɗi, da itatuwan dabino a tsakar gida, ɗakina kuma yana jikin ƙofar shiga. Mai gidan shi ne kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take a ƙarƙashin sunansa. Ana kiransa Abu Fahad. A gabansa ina ce masa ammi, wato baffana, a bayan idonsa kuwa Tsoho nake cewa. Shi kuma bai taɓa iya faɗin Garba ba, Abubakar ma ya yi masa tsawo, sai ya yanke shi ya mai da ni Bakur. Mutum ne mai faɗa, mai saurin hucewa, wanda ya yi karatu a Amurka tun yana saurayi, ya dawo ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Lokacin da na zo gidan abokansa sun fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wasan kartar da Larabawan can suka fi so sai da mutum huɗu ake yinsa, shi kuwa ko biyu ba ya iya tarawa. Wata rana bayan la'asar ina wanke mota sai ya leƙo daga majalisa, wato falon baƙinsa.

"Bakur, ka iya karta?"

"Wot kawai na sani, ɗal umrak. Ita ma tun ina saurayi na bar ta."

"Madalla. Wanda bai san komai ba ya fi daɗin koyarwa. Wanke hannunka ka zo."

Ɗal umrak ɗin nan shi ne ranka ya daɗe nasu, kuma a gidan nan da shi nake buɗe baki, da shi nake rufewa.

Wasan da ya koya mini a Amurka ya samo shi, wai wani reshe ne na abin da suke ce wa foka, amma an kifa shi. Kowa za a ba shi karta biyar, kuma wanda hannunsa ya fi lalacewa shi ne ya ci. Ku ji fa. Duk wasan da na sani a duniya babba ke danne ƙarami, a nan kuwa sarki da sarauniya kayan kunya ne, as, wato mai ɗigo ɗaya, ita ce ta fi kowa rashin amfani, mai hoton yaro da suke ce wa walad shi ma kaya ne, sai dai ya fi iyayensa sauƙi. In karta biyu suka zo lamba ɗaya, ka shiga uku. In biyar ɗin suka jeru kamar uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, ka lalace. In duka suka zo iri ɗaya, nan ma ka lalace. Ana duba babbar kartar kowa, wanda tasa ta fi ƙanƙanta ya kwashe. Hannun da ba a ja da shi shi ne bakwai, biyar, huɗu, uku, biyu. Ita biyu kuwa ita ce amaryar wasan, wanda ya same ta ba ya sakinta. Ranar farko na ɗaga kartata na ga as biyu da sarakuna biyu, na washe baki har kunne, na tura ƙwallayen dabinona gaba ɗaya. Tsoho ya yi dariya har sai da matarsa Ummu Fahad ta aiko a tambaya ko lafiya.

Da ƙwallon dabino muke yi, wannan ku riƙe shi da kyau. Yana da wani gwangwanin alewa cike da su, a raba mana, in an gama a mayar. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar Juma'a nakan je Gubaira wurin 'yan'uwa mu ci tuwo mu sha hira, to a can na tambayi malamai biyu. Na farko ya ce karta haramun ce ko da tsakuwa ake yi. Na biyu ya ce in babu kuɗi, kuma ba ta hana ka salla a kan lokaci, to makaruhi ce, gara dai a bari. Na fito na fi yadda na shiga ruɗewa. Kawunku Sale yana wurin, ya ce shi dai ya san daga ƙwallo ake farawa. Washegari bayan la'asar Tsoho ya kira, na wanke hannu na tafi.

Inda gizo ke saƙa a wasan shi ne wurin ja. Bayan an raba, kowa yana da dama sau ɗaya ya yar da abin da ba ya so, ya jawo sababbi a madadinsu, ko kuma ya ce ya tsaya a kan abin da Allah ya ba shi. A nan Tsoho ya fi cin zalina. In na samu tara da ƙananan karta huɗu, sai kwaɗayi ya kama ni in yar da taran wai ina neman bakwai, in jawo sarki. Ya ce mini jaki. In kuma na ji tsoro na riƙe goma, shi kuwa ya riga ya ce ya tsaya, nan ma ya ce mini jaki, wai mutumin da ya tsaya tun farko da wuya a kayar da shi da goma, gara in fasa in nemi sa'a. Na ce to ammi, jiya ka ce kada in fasa, yau ka ce in fasa, wanne zan kama?

"Jiya na ja karta biyu, yau ban ja ko ɗaya ba. Kai hannunka kawai kake kallo. Hannunka ba ya gaya maka komai sai ka ga nawa na ja."

"To in burga kake yi fa? In shara ce a hannunka ka ce ka tsaya?"

"Sai ka san ni. Shekara nawa kana tuƙa ni ba ka san ni ba?"

Akwai darasi ɗaya da ya maimaita mini har na haddace shi kamar karatun allo. In abokin wasanka ya riga ka ja, ya ɗauki karta ɗaya, kai kuma kana riƙe da walad da ƙanana huɗu, to ka tsaya. Walad mummuna ne, amma mai jan karta ɗaya ya fi yawan jawo abin da ya fi walad muni. Na ce ai mu ma muna da shi, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na fassara masa da guntun Larabcina, ya ji daɗinta ƙwarai, ya riƙa faɗa wa baƙi wai direbansa failasufi ne. Yana kuma da wata ɗabi'a: duk hannun da aka gama sai ya miƙa hannu ya buɗe kartar da na yar, don ya ga irin wautar da na tafka. Haka muka yi shekaru. Ban taɓa zama gwani ba, amma na kai inda in na ci shi yakan yi tsaki na gaske.

Sai shekarar da ciwon ya same shi. Da safe ne, yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya daɗe a asibiti, ya dawo a keken guragu, hannun dama a kwance kan cinya, baki ya karkace. Magana ta tafi gaba ɗaya, sai kalma ɗaya da ta rage masa, la, wato a'a. Za a kawo masa shayi ya ce la, ya karɓa ya sha. Za a ce a kai shi ya kwanta ya ce la, ana kai shi ya yi barci. Likitoci suna zuwa su nuna masa hotuna, su ce ya taɓa hancinsa, ya juya musu ƙeya. Wani ya ce hankalin yana nan, harshe ne kawai ya tafi. Wani ya ce ba za a iya sani ba. Ni dai wata la'asar ina tura shi a tsakar gida ya nuna majalisa da hannun hagu, da muka shiga ya nuna gwangwanin. Tun da ba ya iya riƙe karta, na je Gubaira wurin Malam Isa, wani kafinta mutumin Damagaram, ya tsaga mini katako mai rami a tsakiya. Sai in jera masa kartarsa a ciki suna kallonsa, bayansu na kallona. Ya nuna wadda zai yar da yatsa, in zare ba tare da na gani ba. In zai tsaya, ya buga katakon da tafin hannu. Yana ci, ina ci. Wani lokaci yakan yi abin da ban gane ba, amma ai da lafiyarsa ma ba kullum nake gane shi ba.

'Ya'yansa biyu ne. Fahad shi ne babba, yana can arewacin gari a sabon gidan da bai daɗe da tarewa ba, tafiya mai nisa daga Nasiriya. Ƙanwarsa Nura kuwa, don a can sunan mata ne, tana aure a Badi'a, kusa, kullum tana gidan. Kada ku ɗauka Fahad mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Shi abin da ya gani, tsofaffi biyu a ƙaton gida, daga su sai 'yar aiki sai direba, in wani abu ya faru kafin ya ratso gari an gama. Ya ce a rufe gidan, iyayen su koma wurinsa. Nura ta ce sam. Ubansu da bakinsa ya sha faɗa, da lafiyarsa, cewa a gidan nan ya binne ƙuruciyarsa, kuma ba zai bar shi ba sai a makara. Fahad ya ce wanda ya faɗi haka ba ya nan, jikinsa ne kawai ya rage. Nura ta ce yana nan, yana jin duk abin da ake faɗa. Daga ɗakina ina jiyo su, wata rana har ta ambaci kotu. Ummu Fahad kuwa ko uffan, in an tambaye ta sai ta ce abin da Allah ya zaɓa. A cikin wannan ja-in-ja ne Nura ta jefa sunana.

"Mutumin da ba shi da hankali zai yi karta kullum da Bakur? Je ka zauna ka gani da idonka."

Fahad ya ce ya yarda. Zai zo ya zauna a bayan ubansa ya kalli wasan. In ya tabbata uban yana wasa da saninsa, maganarsa ta da tana nan, ba mai fitar da shi. In kuwa hannu ne kawai ke motsi, to shi ne babba, shi zai yanke. Nura ma ta yarda. Ni ba wanda ya tambaye ni ko na yarda.

Ana gobe za a yi, na mayar da Nura gida. Muna tsaye a danja ta yi magana daga baya, murya ƙasa-ƙasa.

"Bakur, gobe ka bar shi ya ci. Don Allah. In aka fitar da shi daga gidan nan ba zai kai azumi ba."

Na ce in sha Allahu. Da safe kuma Fahad ya same ni ina duba man mota, ya dafa kafaɗata.

"Na karanta dokokin wasan a waya, na san ƙarami ke ci, ba sai ka yi mini bayani ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda yake wasa a da. Kai kaɗai ka san wannan. Ka yi wasanka na gaskiya, ka ji tsoron Allah, in na tambaye ka kuma ka gaya mini abin da ka gani."

Shi ma na ce masa in sha Allahu. Gaba kura, baya sayaki. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Na kira innarku a waya na fara ba ta labari, ta ce ita ba ta gane ba, wai za a tashi mutum daga gidansa saboda karta? Na ce ba haka ba ne. Ta ce to yaya ne? Na yi ta kame-kame, har katin ya ƙare ban iya gaya mata yadda yake ba.

Bayan la'asar muka zauna. Tsoho a kekensa da katakonsa a gaba, Fahad a kujera a bayansa, shi ke jera masa karta yana zare wadda ya nuna. Nura tana bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida. Hannayen farko sun tafi lafiya. Ya yar da sarki, ya yar da as, ya raba tagwayen shida ya riƙe ɗaya. Amma wannan ko yaro aka nuna wa sau biyu zai yi, ni na sani, Fahad ma ya sani. Kuma karta ta ƙi shi ranar. Duk abin da ya ja sai ya zo da hoto. Ƙwallayensa suna ta raguwa, nawa suna taruwa, ina jin numfashin Nura a bayan labule. Sai aka raba wani hannu na ɗaga na ga takwas, shida, huɗu, uku, biyu. Hannu ne da mutum zai tsaya a kai ya harɗe ƙafa. Na ce a raina in na ci wannan ma, ƙwallayen Tsoho sun ƙare, an tashi ke nan. Ban ce na yanke shawara ba, hannuna ne ya tafi. Na zare biyun na kifa ta, na ce karta ɗaya. Ina so in jawo sarki ko wani abin kunya in faɗi. Na ja, na duba, sai ga wata biyun. Wallahi sai da na murza ido. Na yar da biyu, na jawo biyu, hannuna ya dawo yadda yake. Aka buɗe, Tsoho yana da goma, na sake cinye shi.

Daidai nan aka ƙwanƙwasa daga ciki an kawo gahawa, Fahad ya tashi ya karɓo. Tsoho ya miƙa hannun hagu a hankali, kamar yadda ya saba, ya jawo kartar da na yar, ya ɗaga gefenta. Ya dube ta. Ya ɗago ya dube ni. Idonsa na dama ya riga ya lumshe tun ciwon, na hagun ne ya kafa mini, ya daɗe bai ɗauke ba. Na yi shekaru ina karanta fuskar mutumin nan, amma wannan kallon ban san na mene ne ba. Ko fushi ne, ko dariya ce ta rasa hanyar fita, ko kuwa ido ne kawai ya tsaya a inda ya tsaya. Ya mayar da kartar ya kifa.

Fahad ya dawo, ya ara wa ubansa ƙwallaye daga gwangwani, aka sake rabawa. Ni ne mai fara ja. Wannan karon na yi wasana tsakani da Allah, na yar da ɗaya na ja ɗaya, na samu sarauniya. Sai na ga Fahad ya gyara zama yana kallon katakon. Tsoho ya ɗaga yatsa ya nuna wata karta. Fahad ya sa hannu a kan wata daban, ya kira shi da yuba, wato baba.

"Wannan, yuba? Wannan kake nufi?"

"La."

"To wannan?"

"La."

Ya sake nunawa, yatsan yana rawa, amma a wuri ɗaya yake sauka. Fahad ya zare, ya ba shi sabuwa. Aka buɗe. Sarki, walad, takwas, biyar, uku. Sarauniyata ta ci. Fahad ya ɗauki kartar da uban ya yar ya ajiye ta a buɗe a gabana. Biyu ce. Wato walad, takwas, biyar, uku, biyu ke hannunsa, ni kuma na riga na ja ɗaya. Hannun nan ne sak wanda ya yi shekaru yana koya mini a kansa. Da ya buga katako ya tsaya, ya ci ni. Da walad ɗin ya yar, sai a ce tsufa ya sa masa kwaɗayi. Amma ya bar walad ya yar da biyu, abin da ko ni a makon farko ban yi ba, sai ranar nan.

Fahad ya ce in biyo shi waje. Muka tsaya a gindin dabino, Nura ta fito ta tsaya daga nesa kaɗan inda za ta ji.

"Don girman Allah, Bakur. A da zai yi haka?"

"Ba zai yi ba, ɗal umrak. Amma akwai abin da ba ka gani ba."

Na gaya masa duka. Na ce hannun da ya wuce ni na fara yar da biyu da gangan don ya ci, kuma ya buɗe ya gani lokacin da aka tashi karɓo gahawa. Ban ambaci sunan Nura ba, amma Fahad ya juya ya dube ta, ita kuma ta dube ni kallon da har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Sannan Fahad ya ce:

"To. Ko dai ya gane ka tausaya masa, ya ji haushi, ya rama maka da irin abin da ka yi. In haka ne hankalinsa ya fi nawa. Ko kuma ya ga ka yar da biyu, shi ma ya kwaikwaya kamar yadda jariri ke yi. Wanne ne?"

Ku sani, kalma ɗaya ce tsakanin mutumin nan da gidansa, kuma a bakina take. Ina son in ce na farko ne. Zuciyata duka tana can. Amma an haɗa ni da Allah, kuma na tuna ranakun da yake yin abin da ban gane ba, waɗanda nake ce wa kaina dabara ce. Na tuna la ɗin da ya ce wa karta biyun duka. Na tuna idon nan da ban iya karantawa ba. Na nemi tabbas a cikina sama da ƙasa, ban samu ba.

"Wallahi ban sani ba."

"Kai da ka fi kowa zama da shi?"

"Ni ɗin. Ban sani ba."

Nura ta juya ta shige ciki. Fahad ya ce a sake gwadawa gobe, don kada ya zalunci ubansa. Washegari aka kawo gwangwani da katako, Tsoho ya juya fuska bango. Jibi ma haka. Bai ƙara taɓa karta ba, ko da ni kaɗai ne a ɗakin. Nura ta ce fushi ne, Fahad ya ce mantuwa ce, kowa ya samu abin da zai riƙe. A ƙarshe ta gaji, ta bar maganar kotu, aka sa ranar tashi. Fahad ya gaya mini cikin mutunci cewa yana da direbansa, in kwantiragina ya cika zai sallame ni da alheri, kuma ya cika alkawari. Da labarin ya isa Gubaira, ya bi ta bakin mutum uku ya zama an kama Garba yana maguɗi a caca an kore shi. Kawunku bai ƙirƙira ba, ɗauka ya yi ya ƙara gishiri.

Ranar tashin da hantsi muka fita. Motar kaya ta riga ta wuce. Fahad yana gaba a motarsa, ni ina biye, Tsoho a kujerar gaba kusa da ni an ɗaure masa bel, Ummu Fahad a baya, kekensa a but. Da muka fito na sassauta a bakin ƙofa ko zai waiwaya ya dubi gidan, bai waiwaya ba. Lokacin ana ta haƙa titunan Riyad saboda aikin jirgin cikin gari, hanyar da ka bi jiya yau an toshe ta. Sabon gidan Fahad kuwa zuwana bai fi a ƙirga ba, kuma kullum ta babban titi. Muka shiga cunkoso, wata tanka ta raba ni da motar Fahad, na iso inda na saba juyawa na tarar da shingen kankare. Na bi inda motoci suka bi, na tsinci kaina a wata unguwa da gidajenta duk kamarsu ɗaya. Na zaga, na sake zagawa, na dawo gaban masallacin da na wuce ɗazu. Na fara laluben waya.

Sai na ji an taɓa mini gwiwa. Hannun hagun Tsoho ne. Ya ɗaga yatsa ya nuna dama. Na dube shi, shi titi yake kallo. Na juya dama. Muka yi 'yar tafiya ya sake taɓa ni, ya nuna hagu. Muka bi ta bayan wata makaranta, muka ratsa wani lungu da ban taɓa sanin yana fita ba, ya buɗe tafin hannu alamar in rage gudu, ya nuna wata kwana. Ina shan kwanar sai ga ƙofar gidan Fahad a gabana. Motar Fahad ma ba ta iso ba.

Na kashe mota. Na dubi Ummu Fahad ta madubi, ita da nake ce wa ammati.

"Ammati, kin ga abin da ya yi?"

"Ban gani ba, Bakur. Na dai ji motar tana juyawa, kai kuma ba ka tambayi kowa ba."

"To ai sai a gaya wa Fahad. Kayan ma ba a sauke ba tukuna."

Sai ta ce:

"Idona ya tafi tun bara. Inuwa kawai nake gani. Sau biyu ina ba shi maganin da ba nasa ba, na biyun ya riƙe a baki ya tofar a tafin hannuna. Yaran ba su sani ba. Shi ya sani."

Ko don ita ya yar da biyun, ko don ni, ko kuwa hanya ce kawai ta zauna masa a kai bayan sauran abubuwa sun gudu, kamar yadda tsohon doki ke gane gida, ban sani ba, kuma kada wani a cikinku ya ce na ce na sani. Muna nan zaune motar Fahad ta shawo kwana. Ya fito da sauri, ya leƙo ta tagata yana mamaki.

"Ya aka yi ka riga ni? Ta ina ka biyo?"

Na juya na dubi Tsoho. Ya kwantar da kai jikin gilashi, ido a rufe, baki a sake, yawu yana bin gefen haɓarsa. Hannun hagun kuwa yana kan gwiwata har yanzu, ya damƙe ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ban faɗi wanda ya nuna mini hanya ba. Sai da na ce wa Fahad bari in sauko da keken tukuna, sannan hannun ya sake ni.